Buhun Shinkafa Ba Ya Sauke Hawan Jini: Wa Ke Kula Da Lafiyar Matan Da Ke Riƙon 'Ya'ya Su Kaɗai?

A taron kwamitin unguwarmu na shirin azumi aka yi maganar. Ana lissafin buhun shinkafa nawa za a saya, katan ɗin taliya nawa, da sunayen zawarawa da iyayen marayun da za a ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya, wadda ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta nemi a ba ta dama. Ta ce a rage wani abu daga kuɗin a sayi na'urar awon hawan jini, a roƙi malamin Islamiyya aron tsakar makaranta ranar Alhamis da ba a karatu, matan nan su riƙa haɗuwa suna tattaki, a auna su, a yi musu bayani kan girki.

Ba ta rufe baki ba wani dattijo ya ce, "Haba Hajiya, wanda bai ci ya ƙoshi ba ne zai yi motsa jiki? Ai wannan aikin masu tumbi ne." Aka kwashe da dariya, aka koma maganar sukari.

Dariyar nan ta tsaya mini a rai. A duk shawarwarin da aka kawo ranar, tata ce kaɗai amfaninta zai wuce ranar sallah. Ra'ayina a fili yake: macen da ke riƙon 'ya'ya ita kaɗai, ko saki ne ya raba ko mutuwa, lafiyar jikinta da kwanciyar hankalinta su ne jarin gidan baki ɗaya. Unguwa kuma tana iya kula da su da kuɗi kaɗan, ta hanyar haɗuwar mako-mako ta motsa jiki da gyaran cimaka. Na'urar awon jinin ma kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba.

Taimako iri biyu muka iya

In aka ce taimakon bazawara a ƙasar Hausa, abu biyu ake nufi. Ko a miƙa mata leda, ko a nema mata miji.

Na leda kowa ya san shi: layi cikin rana, a ɗauki hoto, a watse. A watan Maris na 2024 a Bauchi har rayuka aka rasa a turmutsitsin karɓar kuɗin zakka, kuma mata ne abin ya fi shafa. Ba na raina ledar, domin yunwa ba ta jiran tsari. Amma a duba abin da ke ciki: farar shinkafa, taliya, sukari, man girki, dunƙulen ɗanɗano. Kwana goma sun ƙare. In kuwa matar tana da ciwon suga ko hawan jini ba ta sani ba, to mun ba ta daidai abin da likita zai ce ta rage.

Na aure kuma, Kano ta yi suna a kansa. Tun 2012 Hisbah ke shirya auren zawarawa, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin aurar da ma'aurata 1,800. Alheri ne, ba na musu. Sai dai kafin a ɗaura, sai an kai su gwajin jini, kuma nan ne abin ya ba ni mamaki. Mace a wajenmu sau biyu ake damuwa da jininta: in tana da ciki, da in wani zai aure ta. Wadda ba ta da ciki, ba ta kuma da manemi, babu mai tambayar ta yaushe rabon da a ɗaura mata abin awo a dantse.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ba kowace bazawara ce ke son sake aure ba. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta, amma in uwar ta auri bare wannan haƙƙi yana iya faɗuwa. Mata da yawa sun san haka, sun kuma ga yadda agola ke rayuwa a wasu gidajen, sai suka zaɓi zama da 'ya'yansu. Waɗannan za su yi shekara goma sha biyar ko ashirin suna ɗauke da gida. Da wane jiki?

Binciken da aka yi a Najeriya yana nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Ba ya sallama. Abin da muke ji kawai shi ne "wance ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki", ko "ɓarin jikinta ya shanye", wasu ma su ce iska ce ta shafe ta. A gidan da akwai uba da uwa, wannan jarrabawa ce. A gidan da uwa ce kaɗai, rushewa ce. Babbar 'yar ta bar makaranta ta ɗauki farantin talla, namijin ya koma tasha, ƙananan a rarraba su gidajen dangi.

"Ai aikin gida ya ishe ta motsa jiki"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Matar ƙauye da ke daka, ta je rijiya, ta yi sussuka, ta ɗauko itace, ba ta buƙatar kowa ya koya mata tattaki. Wannan hutu take nema da abinci mai kyau.

Amma a shiga lungunan birni a duba sana'ar zawarawa. Mai ɗinki tana kan kujera daga hantsi zuwa magariba. Mai tuyar awara ko ƙosai tana kan kujerar tsugunno, hayaƙi na shiga idonta. Mai saƙar hula, mai ƙulla kayan miya, mai kitso, duk a zaune suke. Niƙa an kai inji, ruwa 'yan garuwa ke kawowa. Da dare za ta ce maka ta gaji liƙis, kuma ba ƙarya take ba: bayanta na ciwo, gwiwarta na ciwo, ƙafarta ta kumbura. Gajiyar zama ce wannan. Zuciyarta ba ta yi aikin da ake so ta yi ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai ba wani abin a zo a gani ba ne: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da mutum zai ji numfashinsa ya ɗan ƙaru amma yana iya magana. Wato rabin awa, kwana biyar. Ba a buƙatar kayan ɗaga ƙarfe, ba a buƙatar wandon 'yan ƙwallo. Da hijabinta da silifas mai kyau ta gama shiri.

Me ya sa sai an haɗu? Saboda mutum shi kaɗai ba ya ɗorewa. A Landan a 2004 mutum 13 suka fara haɗuwa a wani lambu duk Asabar da safe suna gudun kilomita biyar kyauta. Abin da ake kira parkrun ke nan, wanda yau ya bazu ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu tun 2011. Ba cewa nake matan unguwarmu su fita gudu ba. Darasin shi ne wuri ɗaya, lokaci ɗaya, babu biyan ko sisi, kuma in ba ka zo ba wani zai tambaye ka lafiya. Mata sun riga mu sanin wannan, domin da shi adashi yake tafiya.

"Cin lafiyayyen abinci na masu kuɗi ne"

Nan ne dattijon nan ya fi kusa da gaskiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 cefane ya zama tashin hankali, har a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk wanda zai tsaya gaban uwar marayu ya ce ta riƙa cin tuffa da kifi kullum, ya cancanci dariyar da za a yi masa.

Sai dai wa ya ce lafiyayyen abinci shi ne na kanti? Abin da likitoci ke roƙon mutane su ci shi ne hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, da wake, da ganye. Wato gero, dawa, acca, wake, waken suya, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, kuka, kuɓewa, kabewa. Dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, faten wake da alayyafo, ɗanwaken da ba a tsoma shi cikin mai ba, fura da nono ba tare da an zuba sukari kamar ana gayya ba. Duk abincin iyayenmu ne. Mu ne muka mayar da shi abincin talaka, muka ɗaga taliyar leda da lemon kwalba muka mayar da su alamar wayewa. Yaro ya ga uwarsa ta yi kwaɗo ya ɓata fuska, ya ga Indomie ya yi tsalle.

Kuma ba jahilci ne ke sa uwar ta zaɓi taliyar leda ba. Lissafi ne. Wake yana cin gawayi da lokaci, taliya minti biyar ta nuna. Wadda ta wuni tana sana'a, ga yara na kuka, ba ta da awa biyu ta zaman jiran wake. Shi ya sa wa'azin cimaka a rediyo ba ya canja tukunyar kowa. Abin da ke canja ta shi ne a rage tsada, a rage wahala, kuma wannan sai da haɗin kai.

Mata goma da kowacce ke sayen ƙullin wake a shagon lungu suna biyan farashi mafi tsada a garin. In suka haɗa kuɗin suka aiki mutum ɗaya kasuwar Dawanau ya auno, ko kasuwar 'Yankaba ya yo sarin kayan miya da ganye, a zo a raba, kuɗin nan dai zai sayi abin da ya fi yawa. In aka jiƙa wake tun dare, rabin gawayin ya isa. Zogale da kuɓewa da tumatir lokacin da suka yi araha a shanya su a inuwa ko rana yadda ya dace, a ajiye. Garin kunun gero da waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye don yaran da suka rame, a soya a niƙa shi gaba ɗaya, kowacce ta ɗibi nata. Wadda ke da ɗan fili a tsakar gida, buhun siminti biyar da ƙasa da taki sun ishe ta alayyafo da yakuwa. Babu sabon ilimi a nan ko ɗaya. Abin da ya ɓace shi ne wurin da za a zauna a yi shi tare.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce ta fi damuna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba kada ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kuwa kusan rabinsa gishiri ne. A tukunyar da babu nama babu kifi, da shi ake rufe asiri: a jefa huɗu, a ƙara farin ɗanɗano, a kuma zuba gishiri. Wato talauci da kansa yana ƙara gishirin miya. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa, masoro da kanumfari suna iya ɗaukar rabin aikin, amma harshe sai ya saba a hankali. Mace ba za ta yarda ba sai ta ɗanɗana miyar 'yar uwarta ta ji ta yi daɗi. Takarda ba ta yin wannan aikin.

A nan dole a yi hattara da abu ɗaya. Wadda aka auna aka ga jininta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, asibiti za a tura ta. Tattaki da rage gishiri da zoɓon da ba a cika wa sukari ba suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin magani. Masu tallar "maganin hawan jini sha yanzu magani yanzu" a bayan mota da lasifika ba su da wurin zama a irin wannan haɗuwa.

"Bazawara da yawon motsa jiki? Me mutane za su ce?"

Mutane za su ce wani abu ko ta fita ko ba ta fita ba. In ta yi kwalliya a ce miji take nema, in ta rame a ce baƙin cikin saki ne, in ta yi ƙiba a tambayi wa ke ba ta. Wannan ba dalilin barin ta ta mutu a ɗaki ba ne.

Amma tsari yana iya rage surutun. Ba filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata za a kai su ba, ba kuma bakin titi ba. Makarantun Islamiyya suna da katanga, kuma Alhamis da Juma'a a rufe suke. Firamare ta gwamnati babu kowa cikinta Asabar da Lahadi. Mata zalla, mai koyarwa mace, ƙofa a rufe, da sanin mai unguwa da liman. Kada kuma a rubuta "taron zawarawa" a ƙofa. A buɗe wa duk matan unguwa, matan aure da tsofaffi, yadda babu wadda za a nuna da baki. Sauƙin da za a yi wa masu riƙon yara su kaɗai a yi shi cikin sirri. Wadda ke takaba, wata huɗu da kwana goman nan da ta fi kowa buƙatar a leƙa ta, sai biyu daga cikin matan su bi ta gida da na'urar.

Masu kawo addini kuwa su tuna cewa Abu Dawud ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa mai ɗawainiya da matar da ta rasa miji da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah. Ɗawainiya aka ce, kuma ban ga inda aka taƙaita ta ga shinkafar azumi ba.

Yara fa, wa zai riƙe? A zo da su. Tsakar makaranta ce, su yi langa da 'yar gala-gala a gefe. Duk shirin da ya ce uwa ta bar yaranta a gida, ya riga ya kori waɗanda aka yi shi dominsu.

Ciwon da na'ura ba ta aunawa

Ko da tattakin bai rage wa kowa ko kilo ɗaya ba, da na goyi bayansa saboda wannan. Macen da ke riƙon gida ita kaɗai ba ta da wanda za ta ce wa "kuɗin haya ya zo" da tsakar dare. Ƙawayen da ta yi a gidan miji sun ja baya, wasu ma tsoron ta suke kada ta zama kishiya. A gidan iyaye kuma ita da yaranta nauyi ne, ko ba a faɗa ba tana gani a fuskar matan yayyenta. Sai rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba, yawan yi wa yara tsawa. In ta yi ƙorafi a ce ta yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma ba ya hana a saurari mutum.

A Harare ta Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba za su taɓa isar jama'a ba, sai ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin nan damuwarsu ta ragu sosai fiye da ta waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Tsofaffi masu hankali da riƙon sirri ba mu rasa su ba a kowace unguwa. Horo ne babu, da wurin zama. Bayan an zaga tsakar makaranta an zauna shan ruwa, nan ne wata za ta buɗe baki ta faɗi abin da ta shekara tana haɗiyewa.

Maza ma akwai su, kada a manta. Wanda matarsa ta rasu bai samu halin sake aure ba, yana fama da yara, abincinsu daga mai shayi sai mai garau-garau. Ba su kai matan yawa ba, kuma kunya ba ta barin su su yi magana. Majalisar da yake zama ita ya kamata ta lura da shi.

Kuɗin daga ina?

Ba daga Abuja ba, kuma kada a jira Turawa. A yankin Maraɗi a 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE: mata su haɗu duk mako, kowacce ta zuba abin da ta iya a akwati, su ranta wa junansu. Tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama, ya ɗore saboda kuɗin na matan ne, ba sa jiran kowa. A ɗora tattaki da sarin abinci a kan irin wannan haɗuwa, ko kan adashin da ake yi, ko kan ajin matan aure na Islamiyya. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya da ke aiki tun 1985, suna da rassa da makarantu da mata masu ilimin jinya.

Abin da ake nema daga hukuma kaɗan ne: ƙaramin asibitin unguwa ya turo ma'aikaciya sau ɗaya a wata, ya kuma karɓi waɗanda aka turo masa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma marasa galihu na cikin waɗanda aka yi asusun dominsu. Uwar marayu ita kaɗai ba za ta san ƙofar da ake bi a yi rajista ba. Mata talatin da shugabarsu za su sani. Ɗan siyasar da zai zo da riguna masu hotonsa kuwa, a ce masa an gode, ya sayo batir ɗin na'ura.

Uban yaran yana ina?

Akwai wata suka da na fi girmamawa, kuma mata ne suka fi yin ta. Suna cewa duk wannan tattaki da kwaɗon zogale lallashi ne, ainihin abin da ke hawar da jinin bazawara shi ne mutumin da ya sake ta da yara biyar ya ɗauke kai, yana can ya yi sabon aure. Gaskiya ne. Marayu uzurinsu daban, amma yaran da ubansu ke raye ba marayu ba ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, kuma saki bai sauke masa abincin 'ya'yansa ba, ko makarantarsu, ko maganinsu.

Kotunan shari'ar Musulunci suna yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa in aka kai ƙara, Hisbah ma tana sasanta irin wannan. Abin da ke hana mata zuwa sananne ne: kunya, kuɗin mota, tsoron a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, da barazanar "to kawo mini yarana". Da yawa ma ba su san cewa riƙo daban ciyarwa daban ba, cewa yaran suna iya zama hannunta kuma dole ya ciyar. Wadda ke zaune a ɗaki ita kaɗai ba za ta ji wannan ba. Wadda ke haɗuwa da 'yan uwanta duk Alhamis za ta samu wadda ta taɓa zuwa ta faɗa mata yadda ake yi, ta samu mai riƙe mata yara ranar zaman kotu, da mai raka ta har gaban alƙali.